Yadda Ake Binciken Zuciya da Tambayoyin Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya saba zuwa Jibin Ubangiji ya san wannan ɗan lokacin. Fasto ya karanta 1 Korantiyawa 11:28, inda Bulus ya ce kowa ya fara gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, sai a yi shiru na minti ɗaya ko biyu. Kawuna a sunkuye, idanu a rufe, amma da yawa daga cikinmu ba su san abin da za su yi da shirun ba. 'Yan'uwa sun sha tambaya: shin yaya ake wannan gwajin? Daga ina ake farawa, kuma yaushe ake cewa an gama?

Hanyar da za a bi a nan ita ce ka bar Allah ya yi tambayar, kai kuma ka ba da amsa. Idan mutum ya tsara wa kansa tambayoyi, waɗanda ya san zai ci su yake tsarawa, domin zuciya ta fi kome rikici, kamar yadda Irmiya 17:9 ya faɗa. Tambayoyin da Allah ya yi wa Adamu da Kayinu da Iliya, da waɗanda Yesu ya yi wa almajiransa, ba mu muka zaɓe su ba, shi ya sa suke kama mu a inda ba mu shirya ba. Za a riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, da ke ma ake.

Kayan aiki da lokaci

Littafi Mai Tsarki na takarda, a juyin da ka fi fahimta. Littafin rubutu wanda ba a yin wani aiki da shi, da biro. Agogo. In babu sai na waya, ka kashe intanet kafin ka buɗe, don saƙo ɗaya ya isa ya watsar da abin da ka ɗauki minti 20 kana tattarawa. Zama cikakke yana cin minti 45 zuwa awa 1, sau ɗaya a mako. Akwai gajere na minti 10 da dare, za a zo kansa. Kuɗin da aikin ke ci ba a wurin kayan yake ba. Yana iya fitowa a mataki na 8, lokacin da za a mayar da abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba.

1. Ka tsai da rana da wuri

Ka zaɓi rana guda a mako da sa'a guda, ka rubuta. "In na sami sarari" ba ya zuwa. Wuri kuma ya zama inda za ka iya yin magana a bayyane ko ka yi kuka ba tare da wani ya ji ba. Yesu ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa (Matiyu 6:6).

Gargaɗi: kada ka yi wannan zama kana cikin matsananciyar gajiya, ko yunwa, ko nan da nan bayan faɗa. Dubi yadda Allah ya bi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin ya gudu daga sarauniya Yezebel da ke neman ransa, ya roƙi mutuwa. Mala'ika ya ba shi abinci, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb ne tambayar ta zo. Gajiyayyen jiki yakan sa mutum ya ga kome baƙi, har ya ɗauki kasala a matsayin ridda.

2. Roƙo, sa'an nan godiya

Minti 5 na farko, ka karanta Zabura 139:23-24 a bayyane, ka mai da shi addu'arka: Allah ya bincike ka, ya san zuciyarka, ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinka, ya bishe ka. Ka lura da wanda yake binciken a wannan aya. Dawuda bai ce zai binciki kansa ya kawo rahoto ba.

Daga nan ka amsa tambayar Luka 17:17. Kutare 10 aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo, Yesu ya ce, "Ina sauran taran?" Rubuta abubuwa 3 da Allah ya yi maka a wannan mako, da sunansu. Kada ka rubuta "lafiya" ko "rai" kawai. Rubuta cewa zazzaɓin yaron ya sauka ranar Talata, ko bashin da ka cire rai da shi an biya. Ignatius na Loyola, wani firist na Katolika wanda tsarinsa na binciken zuciya ya fito a buge a 1548, shi ma godiya ya sa a farkon matakansa 5. Dalilin yana Romawa 2:4: alherin Allah ne yake jawo mutum ga tuba. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan shiga binciken kamar mai laifi a gaban ɗan sanda, kuma mai laifi a gaban ɗan sanda ƙaryatawa ce aikinsa.

3. Ka ɗauki tambaya ɗaya tak

Nan ne yawancin mutane suke ɓata aikin. Sukan jera tambayoyi 20 su bi su da "i" da "a'a" kamar masu cika fom, su tashi ba abin da ya taɓa su. Tambaya ɗaya ta isa zama ɗaya, wani lokaci ma takan ci mako 3.

Ga waɗanda za ka zaɓa daga ciki. Lafazin yakan ɗan bambanta daga juyi zuwa juyi, don haka ka duba naka.

Game da tsakaninka da Allah: "Ina kake?" (Farawa 3:9). "Me kuke nema?" (Yahaya 1:38). "Ku fa, wa kuke ce da ni?" (Matiyu 16:15). "Don me kuke kirana Ubangiji, Ubangiji, amma ba kwa yin abin da na faɗa?" (Luka 6:46). "Kana ƙaunata?" (Yahaya 21:15-17).

Game da mutane: "Ina ɗan'uwanka?" (Farawa 4:9). "Me kuke gardama a kai a hanya?" (Markus 9:33). "Don me kake duban ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka?" (Matiyu 7:3). "In masoyanku kaɗai kuke ƙauna, wace lada gare ku?" (Matiyu 5:46).

Game da fushi da tsoro da karayar zuciya: "Me ya sa ka husata?" (Farawa 4:6). "Daidai ne ka yi fushi?" (Yunusa 4:4). "Don me kuka firgita haka?" (Markus 4:40). "Me kake yi a nan?" (1 Sarakuna 19:9).

Game da dukiya da suna: "Me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba?" (1 Korantiyawa 4:7). "Don me kuke kashe kuɗi a kan abin da ba abinci ba?" (Ishaya 55:2). "Yardar mutane nake nema, ko ta Allah?" (Galatiyawa 1:10). "Mene ne wannan a hannunka?" (Fitowa 4:2).

Yadda ake zaɓa: ka karanta su a hankali sau ɗaya. Wadda idonka ya so ya wuce da sauri, wadda ka ji cikinka ya ɗan ɗuri ruwa a kanta, ita ce taka. In babu wadda ta yi maka haka, fara da "Ina kake?", domin ita ce tambaya ta farko da Allah ya yi wa mutum bayan faɗuwa, kuma kusan kowace daga cikin sauran tana komawa gare ta.

Gargaɗi: idan tambaya ta tuna maka da wani, ka ce a ranka "da ma wane ya ji wannan", to ka riga ka kauce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Rubuta sunan mutumin a gefen shafi don ka yi masa addu'a daga baya, ka komo kanka.

4. Ka karanta labarin da tambayar ke ciki

Kada ka tsinko aya ka gudu da ita. Karanta babin duka, ko aƙalla ayoyi 10 kafin tambayar da 10 bayanta, ka rubuta amsar abubuwa huɗu: wa ya yi tambayar, wa aka yi wa, me ya faru kafin nan, kuma me mutumin ya amsa. Wannan yakan ɗauki minti 10.

Amfaninsa yana da yawa. Ɗauki Markus 10. A aya 36 Yesu ya tambayi Yakubu da Yahaya abin da suke so ya yi musu, suka roƙi kujerun dama da hagu a cikin ɗaukakarsa. A aya 51 ya yi wa Bartimawas makaho tambaya iri ɗaya, shi kuwa ya ce yana so ya sami gani. Wanda ya karanta babin duka ba zai tsaya ga "me nake so?" ba, dole ya tambayi kansa wace amsa ce tasa ta fi kama da ita. Haka kuma Yahaya 21. Bitrus ya yi musun Yesu sau 3 a bakin wutar gawayi (Yahaya 18:18), kuma a bakin wutar gawayi Yesu ya ciyar da shi, sa'an nan ya tambaye shi sau 3. Kowace amsa aiki ne ya biyo bayanta: ka yi kiwon tumakina. Wannan ya nuna maka irin muryar da ya kamata ka ji tambayar da ita.

Gargaɗi mai muhimmanci: ba kowace tambaya a Littafi Mai Tsarki ba ce daga bakin Allah. Tambaya ta farko a cikinsa ma ta maciji ce: "Ashe, Allah ya ce…?" (Farawa 3:1). Shaiɗan ne ya tambaya ko a banza Ayuba yake tsoron Allah (Ayuba 1:9). Abokan Ayuba sun yi ta jefa masa tambayoyi don su tono zunubin da babu shi, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7). Wanda ya binciki kansa da tambayoyin Elifaz, ɗaya daga cikin abokan nan, zai fito da laifin da bai yi ba.

5. Ka sa sunanka, ka rubuta amsa

Wannan shi ne cikin aikin, ka ba shi minti 15 ko fiye. Rubuta tambayar a saman shafi da sunanka a ciki, yadda Allah ya kira Iliya da suna, yadda mala'ika ya kira Hajaratu kafin ya tambaye ta inda ta fito da inda za ta (Farawa 16:8). Ka yi shiru minti 2. Sa'an nan ka fara rubutu.

Rubutu ya fi tunani kawai, saboda tunani yana zamewa. Abin da ka rubuta kuwa yana zaune yana kallonka. Ƙa'idar amsa ita ce ta ƙunshi rana, da suna, da abin da aka faɗa ko aka yi, da adadi in akwai kuɗi a ciki. Ka taƙaita ga kwanaki 7 da suka wuce. "Ni mai fushi ne" ba amsa ba ce, kowa ma zai iya faɗin haka ya kwana lafiya. Amsa ita ce: "Ranar Laraba da yamma na daka wa matata tsawa a gaban yara, na ce ba ta da hankali, har yau ban ba ta haƙuri ba." "Ina da son kuɗi" ba amsa ba ce. Amsa ita ce adadin da ka ƙara a kan lissafin da ka kai wa mai gidanka, da ranar da ka yi.

Amsar farko kusan kullum ta kare kai ce. Ka rubuta ta duk da haka, sa'an nan ka sake karanta tambayar, ka amsa a karo na biyu. Allah ya tambayi Iliya sau biyu (1 Sarakuna 19:9, 13), shi kuwa ya maimaita jawabinsa kalma da kalma: shi kaɗai ya rage. Bai rage shi kaɗai ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Mutum yana iya haddace kukansa har ya ɗauke shi gaskiya. In amsarka ta biyu ta fito daidai da ta farko, ka tambayi kanka wane ɓangare ne na labarin ka saba tsallakewa.

Gargaɗi: ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka rubuta "amma", "ai shi ne ya fara", "da ba don ita ba". Wannan ita ce amsar Adamu: matar da ka ba ni. Ita ce ta Hawwa'u: maciji ne ya yaudare ni. Kayinu kuwa ya mai da tambaya da tambaya, ko shi makiyayin ɗan'uwansa ne. Mai yiwuwa da gaske wancan ne ya fara, kuma kashi 80 na laifin nasa ne. To, kashi 20 ɗin nan naka shi aka zo bincike.

Akwai wani kuskuren kuma, na masu ƙwazon ibada: auna kai da wasu. Bafarisiyen Luka 18 ma binciken kansa ya yi, ya ƙirga azuminsa sau 2 a mako da zakkarsa, ya dubi mai karɓar haraji ya ga ya fi shi, ya koma gida ba a karɓe shi ba. Galatiyawa 6:4 ta ce kowa ya auna aikinsa ba tare da gwada shi da na wani ba.

6. Ka bi abin zuwa saiwarsa

Abin da ka rubuta a mataki na 5 ganye ne. Yakubu 4:1-2 ya tambayi inda faɗace-faɗace suke fitowa, ya amsa da kansa: kuna so, ba ku samu ba. Don haka ka ɗauki abu ɗaya daga cikin abin da ka rubuta, ka yi masa tambayoyi uku. Me nake so a lokacin wanda ban samu ba? Me nake tsoron rasawa? Wace maganar Allah ce na ƙi gaskatawa a daidai wannan minti?

A ce tsawar nan ta ranar Laraba ce. Me kake so? A girmama ka, domin da rana an wulaƙanta ka a wurin aiki ba ka iya cewa uffan ba. Me kake tsoro? Kada a gida ma a raina ka. Me ka ƙi gaskatawa? Cewa darajarka tana wurin Almasihu, ba ta hau ko ta sauka da bakin shugaban wurin aiki ba. Yanzu abin da za ka furta ya faɗaɗa: akwai tsawar, akwai kuma girman kan da ya huce a kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

Gargaɗi: ka tsaya a nan. Tambayoyi uku sun isa. Mai ci gaba da tono niyyar da ke bayan niyya zai faɗa rijiya marar ƙasa. Bulus da kansa ya ce ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai yi masa shari'a (1 Korantiyawa 4:3-4), Dawuda kuma ya roƙi a tsarkake shi daga laifofin da ke ɓoye gare shi (Zabura 19:12). Akwai abin da ba za ka gani ba, kuma ba a ɗora maka ganinsa ba.

7. Ka tantance murya, ka furta

Kafin furci, ka duba irin nauyin da kake ji. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki gida biyu: na ibada wanda ke kai ga tuba, da na duniya wanda ke kai ga mutuwa. Ana gane su. Idan Ruhu Mai Tsarki ne yake nuna laifi, yakan nuna takamaiman abu, ya nuna kuma abin da za a yi: ka yi ƙarya a magana kaza, je ka gyara. Mai ƙarar 'yan'uwa, wato Shaiɗan (Wahayin Yahaya 12:10), kuwa ba ya kama abu ɗaya. Nasa shi ne "kai munafuki ne, ba ka taɓa zama Kirista ba, me ma amfanin addu'arka", kuma yakan tono abin da ka riga ka furta shekaru da suka wuce. Bitrus da Yahuza duka sun yi baƙin ciki. Yahuza har ya mayar da azurfa 30 ya ce ya yi zunubi, amma wurin manyan firistoci ya kai maganarsa, suka ce ina ruwansu. Bitrus ya yi kuka mai zafi, da ya ji Ubangiji ne a bakin gaɓa kuwa sai ya faɗa ruwa ya nufe shi.

Yanzu ka furta, a bayyane, da kalmomin da ka rubuta. Ka kira abin da sunansa: sata, ƙarya, zina, gulma, hassada, riƙo. Kada ka ce "in na yi kuskure" ko "duk abin da na yi a cikin sani da rashin sani". Zabura 32:5 da Zabura 51:1-12 suna taimakawa in baki ya yi nauyi. Daga nan ka karanta 1 Yahaya 1:9, ka rubuta ayar da kwanan wata a ƙarƙashin amsarka.

Kada ka tashi a nan, saura tambayoyin da Bulus ya yi a Romawa 8:31-35, kuma su ma amsa suke bukata. Wa zai kai ƙarar zaɓaɓɓun Allah? Wa zai hukunta? Wa zai raba mu da ƙaunar Almasihu? Ka amsa kowace da bakinka. Gafara ba ta jiran sai ka ji sanyi a zuciya. A kan amincin Allah da jinin Yesu take tsaye, kuma ko zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu (1 Yahaya 3:20). Ɗan Katolika zai ɗauki abin da ya fito a wannan zama ya kai wurin firist a sakramentin furta zunubi, domin binciken zuciya shi ne shirin da ake yi kafin zuwa.

Gargaɗi: in kana furta abu ɗaya sau da yawa a rana ba ka samun kwanciyar rai, ko barci da cin abinci sun gagara makonni, ko tunanin kashe kai yana zuwa maka, ka dakatar da wannan aikin kai kaɗai. Ka gaya wa fasto ko wani dattijo a yau, ka kuma ga likita. Wannan ciwo ne mai magani, ƙarin tono zai ƙara shi ne kawai.

8. Gyara ɗaya, da rana

Binciken da bai taɓa hannu da ƙafa ba, Yakubu 1:23-24 ya kwatanta shi da mutumin da ya duba madubi ya tafi ya manta kamanninsa. Ka rubuta abu ɗaya da za ka yi cikin kwana 7, da ranar da za ka yi shi. Ɗaya, domin mai alkawari 10 ba ya cika ko guda.

In wani ka ɓata wa, Matiyu 5:23-24 ta sa sulhu a gaban baiko: ka ajiye baikon, ka je tukuna. Ban haƙuri na gaskiya gajere ne. "Na yi miki tsawa a gaban yara, na faɗi abin da bai kamata ba, laifina ne, ki gafarta mini." Ka rufe baki a nan, kada ka ƙara da jerin nata laifofin. In kuɗi ne ko kaya, a mayar. Zakka, mai karɓar harajin nan, bai tsaya ga nadama ba, ya ambaci adadi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki 4 ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). In ba ka iya biya gaba ɗaya, ka je ka faɗa, ku tsai da yadda za ka riƙa biya, a rubuta. In jaraba ce mai hanya sananniya, ka toshe hanyar: goge lambar, fita daga rukunin, daina bin ta wannan titin.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, zunubin da ya tsaya a cikin zuciya, wanda mutumin bai sani ba, Allah ake faɗa wa. Zuwa wurin 'yar'uwa a ce mata "na daɗe ina sha'awarki", ko wurin ɗan'uwa a ce "na daɗe ina ƙin jininka", sauke kaya ne a kan wanda bai ɗauka ba. Na biyu, furcin da zai girgiza aure ko ya shafi doka yana bukatar shawarar fasto mai hankali kafin a yi, domin a san lokaci da yadda za a faɗa da wanda zai kasance a wurin. Shawarar ta yadda za a faɗi gaskiya ce, ba ta yadda za a binne ta ba. Wanda kuma ake cuta masa da duka ko barazana, yafewa ba ta wajabta masa komawa inda za a sake cutarsa ba.

9. Ka sami wanda zai tambaye ka

Dawuda ya zauna da zunubinsa na zina da Batsheba har aka haifi yaron, sai da Natan ya zo ya ce masa, "Kai ne mutumin" (2 Sama'ila 12:7). Akwai abin da mutum ba ya gani a bayansa. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. A ƙa'idojin da John Wesley, mai wa'azin Ingila wanda ya fara Methodist, ya rubuta wa ƙananan rukunoninsa a Disamba 1738, maza daban mata daban, kowane mako ana tambayar kowa zunubin da ya san ya yi tun haɗuwar baya, da jarabar da ya gamu da ita, da yadda ya kuɓuta.

Mutum ɗaya ya isa. Namiji ga namiji, mace ga mace, wanda ya girme ka a bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin asirin wani a bakinsa ba. Wanda yake kawo maka labarin mutane da sunan "mu sa su a addu'a", naka ma haka zai kai. Ba sai ka karanta masa littafinka ba. Ka gaya masa gyaran da ka ɗauka da ranar, ka ba shi izini ya tambaye ka ko ka yi.

10. Na kowane dare, da duba baya

Minti 10 kafin barci: godiya ɗaya, sai tambayar makon, sai furci, sai ka kwanta. Zabura 4:4 ta san wannan shirun na kan gado. Afisawa 4:26 kuma ta sa wa fushi iyaka, kada rana ta faɗi kana riƙe da shi, don haka abin da za a iya gyarawa da magana ɗaya a daren, a gyara.

Bayan wata 3, ka ware awa 2 ka karanta abin da ka rubuta tun farko. Ka nemi sunan da yake ta dawowa, da lokacin da faɗuwa ta fi zuwa, da alkawarin da ba ka cika ba. Ka buɗe Galatiyawa 5:22-23, ka bi albarkar Ruhu guda 9, ka rubuta inda ka ga tsiro, ko ƙanƙane ne. Ganin aikin Allah a cikinka sashe ne na binciken, musunsa kuma ba tawali'u ba ne. In abu ɗaya ya bayyana a kowane shafi, tambayar da za ka zauna da ita ita ce ta Yahaya 5:6, wadda Yesu ya yi wa mutumin da ya shekara 38 a kwance: "Kana so ka warke?" Mutumin bai ce i ba, sai ya shiga bayanin rashin mai taimako. Wani zunubin muna ƙin sakamakonsa amma muna son shi kansa, kuma faɗin wannan a gaban Allah shi ne gaskiyar da ake fara gini a kai.

Littafin rubutun ka adana shi inda ba mai kaiwa. Sunayen mutane ka sa harafin farko kawai. Shafin da ya ƙunshi abin da zai cuci wani in an gani, ka yage ka ƙone bayan ka gama da shi.

Kafin Jibin Ubangiji

Minti 2 na shiru a cikin sujada ba za su ɗauki duk wannan ba, don haka a yi zaman tun kwana 2 ko 3 kafin ranar, domin a sami lokacin zuwa wurin wanda za a ba haƙuri. Tambayar da ta fi dacewa ita ce "Ina ɗan'uwanka?", saboda abin da Bulus yake tsawatawa a 1 Korantiyawa 11:17-22 tsattsaguwa ce a cikin ikilisiya: wani ya riga ya ci ya ƙoshi har ya bugu, wani yana jin yunwa, ana kunyata marasa abin hannu. Ka duba ko akwai wanda kake gaba da shi a cikin masu cin gurasa ɗaya da kai, ko wanda kake sauya wurin zama don kada ku gaisa.

Mutane da yawa sukan binciki kansu, su ga laifi, su bar gurasa da ƙoƙo su wuce, wata bayan wata. Ka sake karanta aya 28: ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. In ka furta, ka ɗauki matakin gyara gwargwadon abin da ke hannunka, ka ci, ko da wancan bai karɓi ban haƙurinka ba tukuna (Romawa 12:18). Wanda ya kamata ya dakata shi ne wanda ya ga zunubin sarai ya ƙudura ba zai bari ba, ko wanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo. Shi ma kada ya bar wani Jibin ya zo ya same shi a haka. Ya nemi fasto ko dattijo a cikin makon.